Gudun da ba a yada ƙanin wani

Duk wanda ke kwana a hostal ɗin maza, in dai yana fita sallar asuba kan lokaci, ya san wani yaro da ke zagaya filin ƙwallo da gudu tun gari bai gama wayewa ba. Ba ya cikin 'yan wasan makaranta, ba ya shirin wata gasa, ba shi da tumbin da zai ce yana ragewa. Takalminsa ma kambas ne na gwanjo da ya sha ɗinki wajen shumeka. Abokin ɗakina ne. Samista guda cur muka yi tare, ni a gadon sama shi a na ƙasa, kullum ya dawo yana haki sai in leƙo in ce, "Mutumina, yau kuma wa ya biyo ka?" Sai ya yi murmushi ya ɗauki bokiti ya tafi layin famfo.

Sai wani dare da aka ɗauke wuta, muna zaune a waje saboda zafi, ya ba ni labarin. Yayansa soja ne, ƙaramin soja, ko igiya ɗaya bai kai ga ɗaurawa ba. Shi ya saya masa fom, shi ya biya masa rijistar farko. Duk sanda ya sami izinin zuwa gida, sai ya tashe shi da asuba su fita gudu bayan gari, wai kada ƙaninsa ya tashi rago. Sati uku da fara karatunmu a nan, tun ba mu san juna ba, aka kira shi da wata baƙuwar lamba. Abokin aikin Yayan ne. Ya ce kwanton ɓauna aka yi musu a hanya, ya yi haƙuri, har an yi jana'iza a can. Abin da ya iso gida jaka ce guda, da 'yan sutura, da wayar da gilashinta ya tsage. A rediyo an ce "an kashe wasu sojoji". Iyakarta ke nan.

"Ni fa ba motsa jiki nake yi ba," in ji shi. "Nan ne kawai nake jin kamar muna tare da Yaya."

Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya yarda bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa. Na kuma rubuta ne don in roƙi abu guda wajen ƙungiyarmu ta ɗalibai kafin in tattara ya-nawa-ya-nawa in bar makarantar nan: mu ware safiya ɗaya a shekara mu yi gudu saboda sojojin da suka kwanta dama a bakin aiki. Zagaye ɗaya, suna ɗaya.

Na san tun daga kalmar za a fara dariya. A kunnen Bahaushe, gudu da soja ba sa zama inuwa ɗaya. Gudu na matsoraci ne, ko na ɗan hijira, ko na wanda ya ci bashi ya hango mai shi. Muna ma cewa in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. To ga mutanen da sa-gudu ya zo musu da bindiga suka tsaya, mu kuma mu ce da gudu za mu karrama su? Sannan ku dubi sunan da muka raɗa wa gudun dogon zango: gudun yada ƙanin wani. Wato ka zura a guje, wanda ya gaza ka bar shi a baya, ai ba ƙaninka ba ne. Tun daren nan da aka ɗauke wuta sunan ya daina ba ni dariya, don ƙanin wani da aka yada a hanya yana kwana a gadon da ke ƙasa da nawa.

Tunanin ba nawa ba ne, ba zan yi satar fasaha ba. A Amurka aka yi shi, abin da ya ja hankalina kuwa shi ne, can ma abokin ɗaki ne ya fara. Wani matashi mai suna Jon Bellona ya zauna ɗaki ɗaya a kwaleji da Michael Cleary. Bayan sun gama, Cleary ya zama laftana a soja, aka tura shi Iraƙi, bom ɗin da aka dasa a hanya ya kashe shi a Disamban 2005. Sai Bellona ya tara abokai suka shirya gudun da suka kira Run for the Fallen, ma'ana gudu saboda waɗanda suka faɗi a fagen daga. Ran 14 ga Yunin 2008 suka tashi daga barikin Fort Irwin da ke cikin hamadar Kalifoniya, can yammacin ƙasar, suka nufi maƙabartar sojoji ta Arlington da ke daf da birnin Washinton a gabas. Ran 24 ga Agusta suka isa. Sati goma ke nan a hanya.

Lissafin nasu mai sauƙi ne: mil ɗaya ga kowane sojan Amurka da ya mutu a yaƙin Iraƙi. A lokacin mamatan sun haura 4,000, don haka tafiyar ma ta haura mil 4,000. In muka juya shi, fiye da kilomita 6,400 ne, kamar a yi Kano zuwa Legas wajen sau shida, a ƙafa. Karɓa-karɓa suka yi, wannan ya yi rabonsa ya miƙa wa wancan. A ƙarshen kowane mil sai a kafa 'yar tuta da kati mai ɗauke da sunan mamacin. Ba wanda ya zo na ɗaya, ba kofi, ba lambar zinariya. Daga baya jihohi da dama suka riƙa shirya nasu, kuma a nan ne abin ke taɓa zuciya: iyalai kan zo su tsaya a bakin titi, daidai mil ɗin ɗansu ko mijinsu, suna jira. Masu gudun su iso, su tsaya cak, a kira sunan da ƙarfi, a gaisa da iyalin, sannan a ci gaba. A 2018 aka sake yin babban, daga Fort Irwin ɗin dai zuwa Arlington, wannan karon kusan mil 6,000 ta cikin jihohi 19.

Kada wani ya ɗauka ina wanke yaƙin Iraƙi ne. An afka wa ƙasar a 2003, lokacin ko rarrafe ban fara ba, bisa hujjar tarin makaman ƙare dangi da aka je aka duba ba a same su ba. 'Yan Iraƙin da suka mutu sun ninka sojojin Amurka sau da yawa, babu kuma wanda ya kafa musu tuta a bakin titin Kalifoniya. Wannan gaskiya ce, ba ta da daɗi, ba na kuma so a tsallake ta. Su riƙe yaƙinsu. Abin da nake so mu ara kawai shi ne dabarar mayar da lamba ta koma mutum.

Ku gwada ku gani. In aka ce a labarai "mutum 4,000", kafin mai karantawa ya haɗiye yawu ya wuce zuwa farashin man fetur. In muka ce a taru a babban ɗakin taro a karanto sunaye hamsin, minti biyar ya isa, kuma mun san halinmu, rabi na kan TikTok, rabi na lissafin ko za a raba lemo. Amma in kowane suna sai ka zagaya fili sau ɗaya, mita 400, to a suna na biyar za ka fara jin ƙirjinka, a na goma maƙogwaro ya bushe, a na ashirin kuwa in aka kira suna a gwiwarka za ka ji shi. Jiki magayi. Wanda ya zagaya wa mutum ashirin da ƙafarsa, da wuya ya sake jin "an kashe wasu sojoji" ya ci gaba da kurɓar shayinsa kamar ba a yi ba.

Wani zai ce ai muna da ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Haka ne, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Da can 11 ga Nuwamba ake yi irin na Ingila, kafin a mayar da ita nan. Duk mun sha gani a talabijin: shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, a harba bindiga, a busa bigila, a saki farin tattabaru, gwamnoni su yi nasu a jihohi. Kafin ranar kuma manya su maƙala ɗan bajon nan a ƙirji, a sanar da gudummawar da kowa ya bayar. Ban raina ba. Amma a gaban wa ake ajiye furannin? A gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba. Wannan al'ada bayan yaƙin duniya na farko ta samo asali, saboda gawarwakin da aka kasa gane ko na su wane ne. Namu kuwa an san su. Suna da lambar aiki, suna da asusun banki da ake zuba musu albashi, suna da uwar da har yanzu ba ta goge lambarsu daga wayarta ba.

Ita kanta kalmar "mazan jiya" tana ruɗar mu. Da an faɗe ta sai mu hango tsoho mai lambobi a ƙirji, wanda ya je Bama a yaƙin duniya na biyu, ko ya yi yaƙin basasa. Waɗanda ake binnewa a Maiduguri tun sama da shekara goma, da waɗanda ke faɗuwa a dazukan Zamfara da Katsina da Neja, ba mazan jiya ba ne. Sa'anninmu ne. Wasu mun yi jarrabawar fita sakandare a ɗaki ɗaya da su, mu muka sami gurbi a nan, su suka sami kaki.

Ka tambayi duk wanda ke zaune kusa da kai yanzu ya kawo sunan soja biyar da suka mutu a yaƙin Boko Haram. Zai ce Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, gwanin tankokin yaƙi da ya yi suna wajen ƙwato Baga, wanda aka kashe a Malam Fatori ran 4 ga Nuwamban 2016. Ya cancanci a tuna shi, Allah ya jiƙansa. To sauran da aka binne tare da shi rana ɗaya fa? Shiru. Mai yawan bibiyar labarai ya ƙara da Birgediya Janar Dzarma Zirkusu da aka kashe a Askira Uba a Nuwamban 2021. Daga nan sai a fara sosa ƙeya. Masu tauraro a kafaɗa ake riƙewa, kofur da saje da marar igiya sai dai "da sauransu".

Illar wannan ta wuce rashin kara. A Nuwamban 2018 aka kai hari sansanin soja na Metele a arewacin Borno. Hukumar soja ta ce sojoji 23 aka kashe, jaridu da dama suka ce adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Aka yi ta musu a kan lamba kamar ana cinikin buhun masara. Da a ce al'adarmu ce a jera sunaye a karanta a bainar jama'a, musun ba zai yi nisa ba, domin kowane gida ya san ko ɗansa ya dawo. Lamba ana iya rage ta a ofis. Suna kuwa akwai mai kasa kunne yana jiran ya ji shi, in aka tsallake zai yi magana. Kuma ba wai ba a iyawa ba ne. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a watan Maris na 2024, an fitar da sunayensu da hotunansu, aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja shugaban ƙasa na tsaye, aka yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'ya. Madalla, haka ya dace. Yayan abokina irin kakin nan ya sa, shi ko layi ɗaya bai samu a jarida ba.

Da na fara kawo maganar a hostal, Ustaz na ɗakin da ke kallon namu ne ya fara tare ni. Ya ce, "Malam, mamaci ba ya bukatar zufarka. Addu'a yake bukata da sadaka. Wannan kwaikwayon Turawa ne kawai." Na ce, "Allah gafarta Malam, ban musa ba." Har yanzu ban musa ba. Gudun nan ba ibada ba ne, ba ya kai wa kabari komai, duk wanda ya ce yana kaiwa ya faɗi son ransa. Na masu rai ne: na ƙanin da ke zaune cikinmu a aji yana ganin kamar ƙasar nan kaf ba wanda ya san an yi masa rashi, da namu mu da ba mu sani ba saboda ba mu taɓa tambaya ba. In an gama zagaye, Musulmi su yi wa nasu addu'a, Kiristoci su yi wa nasu, tun da a rami ɗaya suke kwana a daji, harsashi kuma bai tambayi kowa addininsa ba. Batun sadaka shi ne ma rabin shirin, zan zo kansa. Kwaikwayon Turawa kuwa, diflomar da muke wahalar nema da ƙwallon da muke raba dare muna kallo ai ba daga Gobir suka zo ba. Ustaz bai gamsu ba, amma ya ce in dai babu kiɗa babu cakuɗa, zai zo ya tsaya a gefe ya raba ruwa. Ni ya ishe ni.

Hujjar da ta fi yi mini nauyi daga wata 'yar ajinmu ta zo. Ta bari na gama zuba, sannan ta ce, "Kai ka manta Zariya ke nan? Ka manta Tudun Biri?" Ban manta ba, ba kuma zan nemi kowa ya manta ba. A Disamban 2015 sojoji suka kashe ɗaruruwan mabiya Shi'a a Zariya, kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar an binne mutum 347 a kabari ɗaya. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bom kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, har ma'aikatan agaji suka mutu. Ran 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85. A cikinmu nan kuma akwai waɗanda aka taɓa sa su tsallen kwaɗo a shingen bincike a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wanda ɗayan waɗannan ya shafa, in ya ce ba zai zo ba, ba ni da bakin yi masa gori.

Abin da na iya ce mata shi ne, runduna ba ta cikin jerin sunayen da za mu kira, haka ma masu ba da umarni daga ofis. Wanda ke ciki shi ne yaron da ya gama sakandare, ko ma ya gama irin diflomar nan tamu, ya zaga da takardu har suka yi laushi bai sami aiki ba, ya je Zariya aka aske masa kai aka horar da shi 'yan watanni, aka sa shi a mota sai daji. Na san a cikin ƙananan ma akwai masu hannu a ɓarna, wanda ya yi kuwa shari'a ce maganinsa, zagaye ɗaya ba zai wanke shi ba. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Kuma in ka duba da kyau, shi ƙaramin sojan da mutanen Tudun Biri abu ɗaya ya ci su: rai ne da ba a ɗauka da tsada ba, wanda za a iya rufewa da kalmar "wasu". Na ce mata duk ranar da aka kawo shawarar a yi wa mutanen Tudun Biri ko manoman Zabarmari irin wannan, zagaye ɗaya suna ɗaya, ni zan riga kowa ɗaure takalmi. Ta ce, "To, ma gani." Ina ganin tana da gaskiya ta jira ta gani.

Akwai kuma wani tsoro nawa na kaina, Afirka ta Kudu ce ta koya mini shi. Can suna da gudun Comrades, kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg. Wani tsohon soja, Vic Clapham, ya ƙirƙiro shi don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko, bayan shi kansa ya sha tattaki a fagen daga na gabashin Afirka. An fara ran 24 ga Mayun 1921, mutum 34 suka tashi, 16 suka kai. A wancan fagen dagan, ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, har da sojojin Najeriya, da yawansu kakanninmu ne daga Arewa, an kuma yi musu mummunar ɓarna a Mahiwa a Oktoban 1917. Dubban 'yan dako baƙar fata sun mutu a can saboda yunwa da cuta. Duk da haka gudun tunawar bai buɗe wa baƙar fata da mata ƙofa a hukumance ba sai 1975. Shekara hamsin da huɗu ana tunawa, ana kuma zaɓen wanda ya isa ya tuna. Yau dubban mutane ke shiga daga ƙasashe daban-daban, akwai kuɗi, akwai kamfanoni, in ka kalli bidiyonsa maganar lokaci da lambar yabo za ka fi ji. Abu ɗaya dai ya burge ni. Awa goma sha biyu ake ba kowa, in ta cika a harba bindiga a rufe layi. Ana saura 'yan mintuna sai ka ga mutum ya tsaya ya ciccibi wanda ƙafarsa ta ƙi, bai ma san shi ba, suna jan juna har su tsallaka.

Su sun ɗauki shekaru kafin gudun tunawa ya koma kasuwa. Mu nan sati biyu ya ishe mu. Ai mun san yadda ake yi: a kafa kwamiti, kwamiti ya buga riguna, a je gidan mai neman kujera ya ba da "gudummawa", a sa hotonsa a bayan rigar ya fi sunan mamaci girma, a kafa rumfa da babban tebur, a ɗauko mai kiɗa, a yi jawabi bakwai, a ƙarshe ma'aji ya ce an ci giɓi. Ba a haɗa gudu da susar katara. In haka za a yi, gara a bar abokina da filinsa shi kaɗai, ya fi mutunci.

Ga yadda nake ganin za a yi. Asabar ɗin da ta fi kusa da 15 ga Janairu, bayan sallar asuba, lokacin hunturu ne rana ba ta yi zafi ba, a layin tsere da ke kewaye da filin ƙwallonmu. Tun sati biyu kafin nan a ajiye littafi a ofishin ƙungiya. Duk ɗalibi ko malami ko ma'aikaci, har masu gadi da masu shara, wanda ya rasa nasa a bakin aikin soja, ya zo ya rubuta suna da gari da shekara, in gida sun yarda. Wanda ba ya so ba dole. Ba za a karanta muƙami ba, kanar da marar igiya zagaye ɗaya-ɗaya za su samu. A kira suna, a yi shiru, a zagaya. Sassa su riƙa karɓar juna, injiniyoyi su miƙa wa 'yan akanta, su kuma su miƙa wa 'yan koyon aikin jarida. Mai ƙarfi ya yi duka. Wanda ba ya iyawa ya taka a hankali. 'Yan uwa mata su yi nasu rukunin da hijabinsu, ba wanda zai riƙe wa kowa agogo. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba: ba a kiran suna na gaba sai na ƙarshe a wannan zagayen ya iso. Cikakken gudun yada ƙanin wani kilomita 42 ne da mita 195, wato zagaye 105 da rabi a filin mita 400. In sunayen suka kai haka, sai a ƙarasa Asabar ta gaba. Allah ya sa kada su kai.

Ba riga, ba rumfa, ba babban baƙo. Kwali ɗaya a bakin fili, mai ɗari biyu ya jefa, mai dubu ya jefa. A ƙirga a gaban kowa kafin a watse, a liƙa adadin a allon sanarwa, a kai shi kai tsaye wajen biyan rijistar ɗaliban da mai biya musu ya mutu a daji, a dawo a liƙa rasit kusa da adadin. Ita ce sadakar da na yi wa Ustaz alƙawari. Abokina saura ƙiris ya ajiye karatu a samista ta biyu. Da buga wa mutane furojet a kwamfuta har ƙarfe biyun dare ya haɗa kuɗin, ba wanda ya sani, har ni da ke kwana a samansa. Shi ya kusa fita, amma akwai na bayansa a aji ɗaya, kuma ba kowa ne ya iya bugun kwamfuta ba.

Na miƙa wa sakataren ƙungiya takarda a rubuce, na roƙi a sa ta a ajandar zaman majalisar ɗalibai na gaba, sakataren wasanni kuma ya nemi izinin fili wajen hukumar makaranta. Wakilan sassa, in ta zo gabanku, ku yi mata gyara yadda kuka ga dama, amma don Allah kada ku miƙa ta ga kwamiti. Mu 'yan ajin ƙarshe ko mun gama kafin lokacin, kuɗin motar dawowa ba zai gagare mu ba.

Na karanta wa abokina wannan rubutun kafin in kai wa edita. Ya saurara bai ce komai ba sai da na zo wajen littafin sunaye. Ya ce sai ya kira Umma tukuna, in ta yarda zai rubuta. Na tambaye shi, in an amince, shi zai kira sunan da bakinsa a lasifika? Ya daɗe yana kallon kambas ɗinsa a bakin ƙofa.

"A'a, mutumina," ya ce. "Kai ka kira. Ni zan yi zagayen."